Gwajin ɗan tayi kafin dasawa: a san abin da za a biya wa miliyoyi

Duk wanda ya zauna a Garwa ko Marwa ya san gidan da sikila ta shiga. Da hunturu ya kama, uwa ba ta ganin barci. Yaro na murƙususu, idanu sun yi rawaya, ita kuma tana dafa ruwa tana gasa masa gaɓoɓi har asuba, kafin a nemi mai babur zuwa asibiti a ji ko sai an ƙara jini. Idan miji da mata duk jininsu AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da SS, wato sikila. Don na fari ya zo da ita, ba ya nufin na bayansa sun tsira. Kowane ciki lissafinsa sabo ne.

Irin waɗannan ma'aurata ne yanzu suke jin labarin cewa ana iya haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, aikin da likitocinmu ke kira FIV, sannan a duba ɗan tayin kafin a mayar da shi mahaifa. Gaskiya ne. A Landan aka fara wannan dubawa a 1990. Idan ɗan tayi ya kwana biyar, sai a tsinci ƴan ƙwayoyi kamar biyar zuwa goma daga ɓangaren da zai zama mabiyiya, a daskarar da shi, a jira sakamako. Wanda ya fito AA ko AS shi za a dasa. Ta fuskar addini ma, tun 1980 malaman Azhar suka halatta haɗa ƙwan in dai na miji da matarsa ne kuma igiyar aure na nan.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan ne nake ganin ana barin mutanenmu a duhu. Gwajin ba ya cikin kuɗin FIV, ƙari ne a kansa. A Amurka yakan kama daga dala 3,000 zuwa sama, wato fiye da sefa miliyan ɗaya da rabi. Mafi ƙarancin albashi a kamfanonin Kamaru da ba na noma ba sefa 60,000 ne a wata, don haka gwajin kaɗai ya cinye albashin lebura na fiye da shekara biyu, ba a yi zancen allurai ba, ba a yi zancen daskarewa ba. Idan ƙasar Turai za a aika ƙwayoyin, da yuro za a biya, kowane yuro kusan sefa 656. Mu na Arewa kuma akwai kuɗin da ba ya shiga takardar kowane likita: mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, makonni a ɗakin ɗan'uwa a unguwar Birkitari ta Yawunde, shago a rufe a gida. Tun 1998 aka haifi jaririn FIV na farko a Duwala, a 2016 aka buɗe cibiyar taimakon haihuwa ta CHRACERH a Yawunde, amma daga Marwa zuwa can tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000.

Bayan duk wannan, ba a ba da tabbaci. Ƙwai da yawa ba sa kaiwa kwana biyar. Mace na iya tashi da ƴan tayi biyu kacal, duka biyun su fito SS, a ce a sake daga farko. Ko an samu lafiyayye an dasa, yana iya ƙin zama.

Duk da haka, ma'auratan da suka binne yara saboda sikila, in suna da hali, ba zan ce musu kada su je ba. Wannan gwaji, PGT-M, takamaimiyar cuta yake nema, kuma yana gano ta. Damuwata ita ce ɗan'uwansa mai kama da shi a suna, PGT-A, wanda ke ƙirga ƙwayoyin gado gaba ɗaya, ake kuma tallata shi ga duk macen da ke neman haihuwa da cewa zai ƙara mata sa'a. A 2021 an buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a Sin kan mata fiye da 1,200 ƴan shekara 20 zuwa 37: cikin waɗanda aka yi wa gwajin kashi 77 cikin 100 suka haihu, cikin waɗanda ba a yi wa ba kashi 82. Hukumar da ke kula da wannan fanni a Birtaniya, HFEA, ta sa masa jan maki, wato alamar gargaɗi, wajen ƙara yiwuwar samun haihuwa ga yawancin mata, ko da yake ta yarda yana rage ɓari. Matar da ta shekara goma tana shan gori a gidan miji, aka ce mata ga abin da zai taimaka, za ta sayar da ƴan kunnenta na zinariya ba tare da ta tambayi komai ba. Karɓar kuɗinta ba tare da an gaya mata waɗannan alƙaluma ba zalunci ne.

Kamaru ta yi doka kan taimakon haihuwa ta hanyar likita a watan Yulin 2022. Abin da nake roƙon Ma'aikatar Lafiya shi ne ta wajabta wa kowace cibiya ba ma'aurata lissafi a rubuce tun kafin allurar farko: wane gwaji ne, nawa ne kan kowane ɗan tayi, nawa ne daskarewa a shekara, nawa za a ƙara in an sake. A kuma yi musu bayanin da Hausa ko Fulatanci, domin da yawa cikinmu hannu kawai suke sawa a takardar Faransanci.

Ɗaya abin kuma a hannunmu yake. Gwajin jini kafin aure ƴan dubban sefa ne, sai dai a nemi wanda ake kira electrophorèse, domin ɗayan gwajin sikilar, na Emmel, ba ya bambance AS da SS. Jihar Kano ta mayar da gwajin jini kafin aure doka a 2024. Mu ba sai mun jira majalisa ba: limamai da waliyyai a Garwa, Marwa da Kusiri na iya neman ganin takardar tun ranar gaisuwar iyaye, kafin a kai kayan sa rana, lokacin da fasawa ba ta zama abin kunya ga kowa ba.