Wai tsayuwa kawai Ovechkin yake yi

Wanda ya yi maganar nan jiya da daddare a gidan suna ya san kansa, ba zan kama suna ba saboda darajar mahaifinsa. Ana cin tuwo, talabijin na maimaita ƙwallayen Ovechkin, ɗan Rashan nan mai buga wa ƙungiyar Washinton ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, sai yaron nan ya ɗago kai daga waya ya ce wai ai wannan tsohon ba wasa yake yi ba, tsayuwa kawai yake a wuri ɗaya a miƙo masa ya buga. Ya faɗi abinsa ya koma danne-danne. Na kame bakina don akwai manya a wurin, amma wallahi da abin na kwana.

To madalla. Tsayuwa kawai yake yi. Ashe abin ba wuya. Mutum ya tsaya cak ya zura ƙwallo 895, ya ture tarihin Wayne Gretzky na 894 wanda ya shekara 26 ba mai taɓa shi. Gasar NHL, babbar gasar wasan ta Amurka da Kanada, ƙungiya 32 ce, kowacce da 'yan wasa sama da 20, kuma duk da ƙafafunsu. Me ya hana su tsayawa? Kai ma ƙanena, Washinton ba nisa, jirgin ƙasa ɗaya ne. Je ka tsaya.

Wurin nan da kake rainawa, da'irar da ke ɓangaren hagu gaban raga, har ofishinsa ake kiransa. Da zarar alƙalin wasa ya fitar da ɗan wasan abokan hamayya na minti 2, aka koma 5 da 4, sai ya lallaɓa can ya yi tsaye. Koci ya sani. Masu tsaron baya sun sani, sun kalli bidiyonsa har sun gaji. Gola ya sani. Mai sayar da gugguru a saman bene ma ya sani. Kuma ƙwallon ta shiga. Ranar 6 ga Afrilu 2025 da ya ci ta 895 a gidan New York Islanders, daga wannan ɓangaren ya buga, Tom Wilson ya miƙo masa, golan kuma Ilya Sorokin ne, ɗan Rasha kamarsa, wanda tun yana ƙarami yake kallon wannan bugun. Ya sani sarai. Ta wuce shi.

Sau ɗaya tak na taɓa shiga filin, wani abokin aikina ya ba ni tikiti. Na zuba wa lamba 8 ido, wato Ovechkin. Da gaske tsaye yake, sanda a hannu, kamar mai jiran mota a tasha. Har na fara jin haushin sanyin da nake sha a banza. Sai aka turo masa. Bai tare ba, bai gyara ba, yadda ta zo haka ya ɗirka mata. Ba ta shiga ba a wannan karon, gilashin bayan raga ta doka, ƙarar kamar an fasa taya, matar da ke gabana sai da ta zubar da lemonta. Abin da suke bugawa ɗan faifan baƙin roba ne mai tauri, faɗinsa inci 3, kuma bugu mai ƙarfi yakan kai kilomita 160 a awa. Ragar ƙafa 6 ce a faɗi, 4 a tsayi, ga ƙato a gabanta ya ɗaura sulke kamar katifa. Ramin da ya rage bai fi tafin hannu ba. Nan ake so ka saka ta, kana kan ƙanƙara, wani ƙaton na tahowa ya maka ka da bango.

Ku masu kallon ƙwallon ƙafa, kun manta Robben ne a Bayern? Duniya ta san zai yanko ciki ya buga da hagu. Wa ya hana shi? Ban taɓa jin kun ce masa rago ba.

Na san abin da za ku kawo. Gretzky ya fi shi maki, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci, 2,857, kuma ƙwallayen da ya taimaka aka ci kaɗai, 1,963, sun fi jimillar makin duk wani ɗan wasa ban da shi a tarihi, ga kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, har 4 a Edmonton. Eh, na ji, ba wanda ya yi musu. Zancen zura ƙwallo muke. Wani zai ce ai da yawa Ovechkin ya ci su ne bayan an cire gola raga na hangame. Shi Gretzky ɗin rufe ido yake in ya ga raga ba kowa? Wani kuma zai jawo goyon bayan da ya ba Putin. Ni ma ban ji daɗin wannan tarayyar ba, amma ba ita ta buga sandar ba, ku ajiye ta sai wata rana.

Abin da ba ku kawowa shi ne wasannin da aka cinye masa. An ɗauke shi na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2004, rigimar albashi ta sa aka soke kakar gaba ɗaya. Ta 2012 zuwa 2013 wasa 48 aka yi maimakon 82. Korona ta zo ta yanke kaka biyu. A Nuwamban 2024, yana da shekara 39, ƙashin ƙafarsa ya karye, ya rasa wasa 16, ya dawo ya gama kakar da ƙwallo 44. Kuma a wasansa na 1,487 ya kafa tarihin, daidai adadin wasannin da Gretzky ya buga duk rayuwarsa a gasar. Tsayuwa kawai.

Gaskiya mutumin nan yana ba ni tausayi wani lokacin. Ya ci 52 a kakarsa ta farko, 65 a ta uku, amma shekara da shekaru ana masa gori ba shi da kofi. Pittsburgh ta Sidney Crosby, babban abokin hamayyarsa, ta fitar da su a 2009, ta sake a 2016 da 2017. Bai gudu wata ƙungiya neman kofin sauƙi ba. Ya zauna a Washinton, har a 2018 suka kawar da Pittsburgh ɗin, suka doke Vegas, ya ɗaga kofin yana kururuwa da wawulonsa da furfurarsa. Lamba 8 ɗin ma ta mahaifiyarsa ce, Tatyana, wadda ta ci zinare sau 2 a ƙwallon kwando a gasar Olamfik, 1976 da 1980. Ni dai duk wanda ya riƙe abu ɗaya shekara 20 yana gogawa har ya gagari kowa, ina cire masa hula, ko tsire yake gasawa.

Af, kuma tunda muna nan, a taimaka a daidaita mana sunan wasan nan. Ni ƙwallon gora ta kan ƙanƙara nake cewa, amma kawuna ya ƙi yarda ƙememe, wai abin da ba ya mirginawa ba ƙwallo ba ne, kuma sandar ba gora ba ce. Shi murfin gwangwani yake kiran abin. Mun shafe rabin awa a waya kan wannan, har katinsa ya ƙare.