Ratar da ta kunyata ni a falon Umma

Bayan bikin ƙanwata, Umma ta ce in zuba mata hotunan a filas, 'yan uwa su kalla a talabijin. Aikin minti biyu ne. Amma sati uku ke nan da na ɗora Ubuntu (wani tsarin gudanar da kwamfuta, kishiyar Windows) a kwamfutata, kaina na hayaƙi, sai na ce ai da Bash, manhajar da ake rubuta wa umarni ta aiwatar, zan yi, layi biyar: a shiga jakar hotunan biki, a kwafe su zuwa filas, a goge na cikin kwamfuta don a samu fili.

Karon farko ta ce "Permission denied". Kayana, a ɗakina, wai ba ni da izini! Na lallashe ta da chmod +x, umarnin da ke ba fayil izinin gudana. Sai ta ce ba ta san wani /bin/bash^M ba. Na ƙura wa layin ido har hawaye, ban ga wani M ba. Ashe Notepad ɗin Windows da na yi rubutun a ciki ne ke maƙala ɓoyayyar alama a ƙarshen kowane layi. Da dos2unix, manhajar cire irin wannan alama, na wanke ta.

Daga nan, don in ajiye sunan jakar hotunan, na rubuta JAKA = "Bikin Kanwata", da rata gaba da bayan alamar daidai, don tsafta. Bash ta ɗauki JAKA a matsayin umarni, ta ce ba ta same shi ba. Na matse su, na ji kamar na gama digiri.

Ratar da ke cikin sunan jakar ce ta ci ni. Na rubuta cd $JAKA, wato a shiga jakar, ba tare da alamar zance ba, sai ta raba sunan gida biyu, Bikin daban, Kanwata daban, ta ƙi shiga. Ta yi ƙorafi a layi ɗaya, ban karanta ba. Ita kuwa ba ta tsaya ba, tunda ban sa set -e, mai tsayar da ita in an yi kuskure, ba. A inda take tsaye, inda hotunana na kaina suke, ta kwafe duk wani hoton .jpg, ta goge shi.

Da dare falo ya cika, har da dangin ango. Aka kunna. Sai ga ni da baƙin tabarau, na jingina da motar maƙwabci, hoto talatin da wani abu, kowanne da irin murguɗin bakinsa.

Umma ta gyara zaman gilashinta ta ce, "Ɗan nan, yaushe ka sayi mota ba mu sani ba?"

Kuma rm, umarnin gogewar da na yi amfani da shi, ba ta da kwandon shara. Hotunan nan yanzu a filas ɗin Umma kaɗai suke, ta kuma ce ba za ta mayar ba.