Dahriyyar da ke aljihunmu

Ƙannena, kwanakin baya a majalisarmu wani yaro ɗan jami'a ya yi tambaya: shin wanda bai yarda da samuwar Allah ba zai iya samun natsuwar ruhi? Bai rufe baki ba aka yi masa caa. Wannan ya ce ya fara karatun banza, wancan ya ce a kai shi a yi masa ruƙiyya. Yaron ya ja bakinsa ya yi shiru, kuma tun ranar bai sake zama da mu ba. Ni ma ina wurin ban ce uffan ba, abin da yake damuna ke nan.

Da farko ku daina ɗauka cewa mulhidanci, wato musun samuwar Allah, kaya ne da wayar salula ta shigo mana da shi daga Turai. Tsohon zance ne. A Suratul Jasiya aya ta 24 Allah ya ba da labarin masu cewa babu wata rayuwa sai wannan ta duniya, muna mutuwa muna rayuwa, kuma ba abin da ke halaka mu sai zamani. Daga kalmar "dahr", wato zamani, malamai suka kira su dahriyya. Kuma malaman sun zauna sun karanta hujjojinsu sun ba da amsa, ba ihu suka yi ba.

To, amsar tambayar yaron fa? A ganina mulhidi yana da ruhi kamar kowa, domin musun abu ba ya kawar da shi. Yana kallon taurari tsigar jikinsa ta tashi, yana kuka ranar da ya binne mahaifiyarsa, wani ma ya fi ni da kai cika alkawari. A shekarar 2013 wasu marasa addini a Landan suka fara taruwa ranar Lahadi, suna waƙa tare, a yi jawabi, a yi ɗan shiru na tunani, a sha shayi. Sun ajiye addini amma sun kasa ajiye taron. A Albaniya kuwa gwamnatin Enver Hoxha ta rufe masallatai da coci-coci a 1967, yara da yawa suka tashi ba su taɓa jin kiran salla ba, amma da aka ɗage takunkumin a 1990 sai ga mutane sun koma ibada. Ƙishin yana nan, ba a kashe shi da doka.

Sai dai jin ƙishi daban, shan ruwa daban. Nana A'isha ta tambayi Manzon Allah (SAW) game da Ibn Jud'an, wanda a zamanin jahiliyya yake sada zumunci yana ciyar da miskinai, ko hakan zai amfane shi? Ya ce a'a, domin bai taɓa cewa Ubangijina ka gafarta mini kuskurena ranar sakamako ba. Ku lura, ba a musanta kirkin mutumin ba. Abin da aka ce ya rasa shi ne wanda zai fuskanta da wannan kirkin. Nan na tsaya, kuma ba sai na zagi kowa ba kafin in tsaya a nan.

Yanzu bari in juyo kanmu, don nan ne gizo ke saƙar. Ɗan dahriyya ya ce babu komai sai abin da ido ke gani hannu ke taɓawa. Mu muna ƙaryata shi da baki, amma ku dubi ma'auninmu. Saurayi ya zo neman aure, tambayar farko ita ce wace mota yake hawa. Wanda kowa ya san dukiyar jama'a ya kwashe, shi ake matsa wa a sahun gaba, har a ce Allah ya buɗa masa. Matashi ya idar da sallar asuba ya koma kan caca a waya, ko ya damfari bayin Allah a intanet ya kira abin "hustling", wai neman na kai. Mutumin da ya yi imani da hisabi amma lissafinsa duka ya ƙare a bakin kabari, me ya bambanta ranarsa da ta ɗan dahriyya, in ban da alwala?

Ba mu aka fara kamawa da wannan ciwo ba. Imam Gazali yana koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai kusan 300 a gabansa, sarakuna na girmama shi. Da ya binciki niyyarsa sai ya tarar ba don Allah yake yi ba, neman suna ne da matsayi. Ya yi kusan wata shida yana kai-kawo da zuciyarsa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. A 1095 ya bar kujerar ya nufi Sham. Wannan malamin da ya yi raddi ga masana falsafa ke nan, amma son duniyar da ya fi ba shi wahala a ƙirjinsa ya same shi. Kuma tun kafin nan shi da kansa ya taɓa shiga shakka ta kusan wata biyu, ya faɗa bai ɓoye ba.

Saboda haka idan abokinku ya zo da tambaya mai nauyi, kada ku kore shi. Sahabbai sun je wa Annabi (SAW) suka ce suna jin wani abu a ransu da suke tsoron furtawa, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. In ba ku da amsa, ku raka shi wurin malamin da ya san fannin kuma yake da haƙurin sauraro. Wanda aka kora daga majalisa ba ya daina tambaya, wurin tambayar kawai yake sauyawa, kuma masu jiransa a intanet ba za su ce masa ya yi shiru ba.

Na karɓi lambar yaron nan a wurin ɗan ajinsu. Gobe bayan la'asar, in Allah ya kai mu, zan je har gida in fara da ba shi haƙuri.