Sai mun mutu za a biya mu fansho?

Ranar Talata aka sake kiran mu tantancewa. Tun asuba tsofaffi ke kan layi, wasu na dogara sanda, wata Hajiya a keken guragu jikanta ya turo ta. Da layi ya zo kaina, yaron da ke bayan tebur, wanda bai kai sa'an autana ba, waya yake latsawa. Na yi sallama, bai amsa ba. Na sake, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba:

"Baba, sunanka bai fito ba."

Na ce, "Ɗana, ga takardar ajiye aikina, ga hotona, ga ni tsaye a gabanka."

Ya sa gindin biro ya turo mini takardun har ɗaya ta faɗi ƙasa. "Kwamfuta ba ta san ka ba. Ku tsofaffin nan ba kwa gajiya ne? Na gaba!"

Ni na sunkuya na ɗauka, gwiwa na ƙara, yana kallo. Gajiya? Da me zan ci in na gaji, da me zan sayi maganin hawan jini?

Tarihi na koyar a sakandare, shi ya sa Elcano, matuƙin jirgin ruwa ɗan Sifaniya, ya faɗo mini a rai. A 1519 jiragen ruwa biyar suka bar Sifaniya ƙarƙashin Magellan. Aka kashe Magellan a Mactan, cikin tsibiran Filifin, a 1521. Juan Sebastián Elcano ne ya ɗauko Victoria, ɗaya daga cikin jiragen, daga tsibirin Tidore na Indonesiya ta yanzu, maƙare da kanunfari, ya keta tekun Indiya yana ƙaurace wa tashoshin 'yan Fotugal don kada su kama shi. Nama ya ruɓe, abinci ya koma shinkafa da ruwa, mutane suna mutuwa ana jefa gawarsu a teku. Yunwa ta tilasta musu tsayawa a Cape Verde, nan 'yan Fotugal suka tsare musu mutum 13. Ranar 6 ga Satumba 1522 mutum 18 kacal suka iso tashar Sanlúcar ta Sifaniya, fata da ƙashi, sun zagaye duniya karo na farko. Da suka isa Seville, ba takalmi suka taka zuwa coci riƙe da kyandir, suna godiya da suka tsira.

Kanunfarin ya shiga hannun hukuma. Sarki Carlos na Sifaniya ya ba Elcano tambarin girma da alkawarin fansho na dukat 500, kuɗin zinariya na lokacin, duk shekara. Bai karɓa ba. Ya koma teku, ya mutu a Fasifik a 1526, mahaifiyarsa ta shekara da shekaru tana bin haƙƙin ɗanta a gaban hukuma. Duk sanda na zo wannan wurin a aji raina ɓaci yake yi, yau ga shi a kaina.

Mu ma lambar yabo da jawabin ban kwana ba a taɓa hana mu ba. Kuɗin ne ba sa fitowa. Jihohi da dama sun yi wa tsofaffin gwamnoni dokar fansho, da gidaje da motoci, bayan shekara huɗu ko takwas a kujera. Wa ya taɓa ce musu kwamfuta ba ta san su ba? Malamin da ya ba da shekara 35 yana shaƙar alli, giratutinsa sai magada ke karɓa, su ma sai sun ba wani na goro kafin fayil ya motsa daga tebur. Wallahi wannan zalunci ne, kuma masu sa hannu sun sani.