Doka akwai ta, aiki da ita ne babu

Salamu alaikum jama'a. Na karanta labarin nan da kunka saka kan hana shan taba cikin jama'a, wai gwamnati za ta yi asarar kuɗin duwan, wato harajin shigo da taba, kuma ƴan tebur za su rasa ciniki. To ni dai nan Tawa nike, maganar ƴan tebur gaskiya ce, ƙanena yana da tebur kusa da tasha, sigari kara-kara shi ne ke jawo mishi mutane, wanda ya zo sayen kara ɗaya sai ya haɗa da ashana da alewa. Amma ai ba a ce a daina saidawa ba, cewa anka yi kada ka busa ma wani hayaƙi cikin mota ko biro ko wurin cin abinci. Kuma dokar nan Nijar na da ita tun 2006, wa ya taɓa ganin an ci wani tara? Ailan ta hana tun 2004 har cikin mashaya, ƙasar ba ta talauce ba.

Masu lissafin kuɗin duwan ku lissafa da na likita mana. Baffana direba ne, bai taɓa sa sigari a baki ba, shekara da shekaru yaran mota na busa mishi, yau tari ya kama shi, hoton ƙirji da ordonas sun cinye jikka arba'in wata guda, sai da munka saida tumaki biyu. Kuma sigarin yawanci daga waje ake shigo da shi, kuɗinmu ne ke fita wallahi.