Yadda turanci ya kusa raba ni da aikina

Ni dai turanci ya gama da ni a satin nan wallahi. Wata uku ke nan ina shirin jarrabawar gwajin iya turanci ta IELTS, malamin da ke mana lesin ya ce turawa ba haka kawai suke jera kalmomi ba, kowace da abokiyar tafiyarta, kamar dai yadda muke cewa fari fat, baƙi wuluk, kore shar, ai ba mai ce maka baƙi fat sai wanda ke neman a yi masa dariya. To su ma haka, "deeply" tana bin "sorry", "bitterly" tana bin "disappointed", ita kuma "absolutely" sai manya irin su "delighted" da "thrilled". Duk na rubuce su a ɗan jota, har a cikin adaidaita hadda nake.

Ranar Talata sai ga sanarwa a guruf ɗin ofis, mahaifiyar oganmu ta rasu. Oga ba ya jin Hausa sosai, kowa sai turo "sorry sir" yake kamar an haɗa baki, na ce yau kuɗin lesin ɗina za su yi rana. Ni a tunanina "thrilled" ai kaɗuwa ce, irin jikinka ya ɗauki rawa ɗin nan. Na gyara zama na rubuta "Sir, I am absolutely thrilled to hear about your mother", har da emojin kuka guda uku.

Guruf ya yi tsit.

Ko minti biyu ba a yi ba abokin aikina ya kira, ko sallama babu: "Kai mutumina, da kai za a raba gadon ne?" Ashe kalmar murna ce, murnar ma irin ta wanda aka biya wa kujerar Makka. Nan take gumi ya karyo min, na goge saƙon amma ina, mutum 14 sun riga sun gani, har da ogan. Hannu na rawa na ce bari in gyara, na tura "Sorry sir, I mean I am bitterly delighted". Daga nan na kashe data na kifa wayar.

Washegari muka je gaisuwa, na laɓe bayan mutane, da layi ya zo kaina na durƙusa na ce "Oga sannu, ya haƙuri?" Ya ɗan jima yana kallona sannan ya gyaɗa kai ya ce "Absolutely."

Yanzu har mai shayin bakin get Malam Absolutely yake kirana.