Ku bar likitan nan ya yi aikinsa

Wato duk wanda ya samu data ta ɗari biyu yanzu ya zama farfesan ƙashi ko? Tun jiya nake kallon yadda ake yayyaga bawan Allahn nan a kan bidiyon da kuka gani. Yaro ya ce bayan cinyarsa ya ɗaure, likitan fisiyo, wato mai kula da tsoka da gaɓoɓi, ya kwantar da shi rigingine a gefen fili, ya sa yatsu a ƙarƙashin ƙeyarsa, shi ke nan Kaduna ta kama da wuta. Wani ya ce boka ne, wani ya ce ya sayi takarda. Madalla da ku, manyan masana.

Mutumin nan bai yi shirme ba. Ku ne ba ku sani ba, kuma ba ku tambaya ba.

Ga gwaji, kyauta. Zauna a bakin gado, ka rankwafa, ka miƙe ƙafa ɗaya, ka ɗaga yatsunta sama, sannan ka sauke haɓa a ƙirji. Ka ji yadda bayan cinya ke ja? To ɗaga kai kawai, kada ka motsa ƙafar. Mutane da yawa za su ji jan ya sassauta nan take. Wa ya taɓa cinyar? Babu. Laka da rigar da ta lulluɓe ta sun taso ne tun daga ƙoƙon kai har ƙasan baya, daga can babbar jijiya ta bi ta bayan cinya ta sauka ƙafa. Igiya ɗaya ce, ka ja ta sama a ji a ƙasa. Tun 1995 masu binciken jiki suka bayyana wani zare da ya haɗa ɗaya daga ƙananan tsokokin ƙeya da wannan riga. Abin da likitan ya yi ke nan: danna tsokokin a hankali na 'yan mintoci har su saki. An gwada shi a ƙasashen waje, an auna, an ga ƙafa ta ƙara ɗaguwa bayan an gama.

Na san za ku ce ai ba ya daɗewa. Eh, sassaucin kaɗan ne kuma na ɗan lokaci, wa ya ce muku magani ne na har abada? Miƙa tsoka da ƙarfafa ta suna nan, ba wanda ya soke su. Wani kuma ya ce me ya hana a ja cinyar kai tsaye. Malam, tsokar da ke ciwo kake so a finciko?

Tsakani da Allah abin ya taɓa ni. Mutum ya yi shekara biyar a jami'a, ya yi shekarar horo a asibiti, yana zuwa filin unguwa yana duba yaranmu, ladansa zagi. Gobe idan ya daina zuwa, ku ne za ku kai yaron a murza masa man zafi har ya kumbura.

Af, tunda ana maganar wuya: masu askin da ke murɗe kan mutum ya yi ƙas bayan sun gama, wa ya koya muku? Wasu daga jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa ta cikin ƙasusuwan wuyan nan suka bi. Wannan ban ga kowa ya yi masa bidiyo ba. Ni dai na gaya wa nawa, aski na zo yi, ya tsaya a gashi.